Gashi a Gindin Jigon Jirgin Genzo

A ƙauyenmu na bakin tafkin Biwa babu wanda bai haddace labarin Tokuji ba, don shi da kansa yake ɗura wa mutane, ko suna so ko ba sa so. Yadda iskar dutsen Hira ta sauko masa da rana tsaka a ƙarshen sanyi, ta kife jirginsa kamar kwano, ya yi iyo cikin ruwan da ke tsaga ƙashi tun daga tsakiyar tafki har ciyawar gaɓa, shi kaɗai, ba katako ba igiya. In ya zo nan sai ya zame rigarsa ya nuna wani tabo mai zurfi a bayan kafaɗa, ya ce kututturen gora ne ya soke shi yana fitowa. Mu da muka ga wannan iska da idonmu saura kaɗan, kuma ba karatu ne ya raya mu ba. Tokuji ko sunansa da ƙyar yake zanawa, amma in ya bugi ƙirji ya ce, "Tafkin nan ya haɗiye ni, ya ji na fi ƙarfin maƙogwaronsa," sai samari su yi tsit.

Mutum ɗaya ne ke tashi ya bar wurin in an fara labarin, shi ne Genzo, tsaran Tokuji, wanda suke gasa tun suna tsirara a bakin ruwa. Genzo bai taɓa aure ba. Duk abin da ya mallaka ƙaramin jirgin katako ne mai jigo ɗaya da zanen iska, kuma har ya mutu ya ƙi sa masa inji. Jirgin yana da gudu, wannan ko maƙiyi ya yarda. Tokuji dai cewa yake yi, "Jirgin ne, ba matuƙin ba. A ba ni shi yini guda ku ga aiki."

Bayan rasuwar Genzo jirgin ya yi shekaru a rumfa, kyanwoyi suna haihuwa a ciki. Da ɗan ƙanensa ya zo daga Osaka zai sa a farfasa shi, Tokuji ya ce a bar masa.

"Me za ka yi da shi, Baban yara?" in ji matarsa Kinuyo, tana zuba masa shayi. "Gwiwarka ko matakalar gida ba ta so."

"Gyara shi zan yi, in shiga da shi ranar da ake fito da jiragen iska da bazara. In nuna wa garin nan abin da na daɗe ina faɗa."

"Ka bar jirgin nan inda yake."

"Don me?"

"Don ya tsufa. Kai ma ka tsufa."

Ta juya ta shige kicin da sauri. A lokacin bai kawo komai a ransa ba.

Ya kira Rokuro masassaƙi, wanda ubansa ne ya sassaƙa jirgin tun asali, shi ma yanzu furfura ta cinye masa kai. Suka ɗora jirgin kan gungume, suka bi shi da guduma suna ƙwanƙwasawa. Inda ya amsa da ƙarfi su wuce, inda ya yi shiru su ɓalle. Suka sa sabon katakon itacen sugi a gefen hagu, suka ciccire ƙusoshin da tsatsa ta cinye, suka danna ɓawon itace a tsakanin katako har wuƙa ba ta shiga. Tokuji ba gyara kaɗai yake so ba. Ya sayo zanen iska na zamani wanda ba ya shan ruwa, da waya marar tsatsa ta ɗaure jigo, ya kuma ce a huda cikin jirgin a sa allon da ake saukarwa ƙarƙashin ruwa, don ya iya yanka iska ko ta gaba take zuwa.

"Genzo zai tashi daga kabari ya mare ka," in ji Rokuro.

"Ya taso mana, in ba shi igiya ya riƙe mini."

A ƙarƙashin daɓen jirgin suka tarar da tarkacen marigayin: tsumman koma, butar shayi da ta lotse, da wata doguwar ƙugiya mai lanƙwasasshen baki, irin wadda ake jawo abu da ita daga ruwa. Tokuji ya goge ta ya rataye a bangon rumfa.

Saboda allon nan dole jigon ya matsa gaba kaɗan, dole kuma a cire katakon da yake zaune a kai. Ranar Rokuro ya tafi asibiti a duba masa ido. Tokuji shi kaɗai ya ɗaga katakon, ya ga ɗan murfin ramin da ake sa wa jirgi rai. Kowa ya san ba a buɗe wannan rami sai masassaƙi. Amma Tokuji ya daɗe yana zargin cewa gudun jirgin Genzo akwai wani abu a ƙasa, sai ya sa bakin wuƙa ya ɓanɓare.

Abin da ake sawa ne a ciki: ƙwayoyin caca biyu na itace, tsoffin kwabbai masu huji, 'yar tsana mace da namiji na takarda, hatsin da ya zama gari. Sai kuma gashi, dunƙule guda, an ɗaure da zare.

Gashin matar mai jirgi ake sawa. Genzo kuwa ba shi da mata.

Ya fito da shi hasken rana ya warware. Gashin bai miƙe ba, lanƙwasa yake yi kamar ƙananan igiyoyin ruwa, kuma baƙinsa ya ja zuwa ja. A duk faɗin gaɓar nan mace ɗaya ce aka haifa da irin wannan gashi, har ana tsokanarta da shi tana budurwa. Ita ce ta dafa masa miyar da ya sha da safe.

Tokuji ya zauna a kan gungume. An sassaƙa jirgin nan shekarar iskar Hira. A shekarar kuwa Kinuyo ta riga ta tare a ɗakinsa.

Ya cusa gashin cikin ɗamararsa, bai ce wa kowa komai ba. Amma daga ranar idonsa ya buɗe, kuma duk inda ya duba sai ya ga shaida. Ya tuna bayan ya tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da shi a waccan shekara, Kinuyo ta yi watanni da ɗankwali a kai, ko barci ba ta cirewa, ta ce fitila ce ta babbake mata gashi. Fitila! Ya tuna kowace bazara da kowane ƙarshen shekara, lokacin da ake kai kyauta ga waɗanda suka yi wa mutum babban alheri, sai ta zaɓi mafi ƙwai a cikin kifin funazushi da ta tsima cikin gishiri da shinkafa, ta naɗe a ƙyalle, ta kai gidan Genzo. In ya tambaya ta ce, "Gwauro ne, wa zai tsima masa?" Shi kuwa sakarai yana jin daɗi wai matarsa mai tausayi ce. Ga kuma tashin da Genzo ke yi in ana labari. Ashe ba hassada ba ce. Kunyar haɗa ido da mijin ne.

Da yamma ta ajiye masa abinci, ya ture.

"Ba ka da lafiya?"

"Na ƙoshi."

"Me ka ci?"

"Abin da na ci ya ishe ni."

Ya rantse a ransa ba zai ƙara cin abin da hannunta ya taɓa ba sai ya san gaskiya, in kuwa abin da yake zato ne, zai ƙone jirgin a bakin ruwa kowa na gani, ya koma wurin 'yarsu a Hikone, ya bar mata gidan da tulunan kifinta. Ya koma sayen dunƙulen shinkafa a kanti yana ci a rumfa.

Da Rokuro ya dawo da auduga a ido ɗaya, ya ga ramin a buɗe, sai ya ajiye jakar kayan aikinsa a hankali.

"Toku-san, wa ya ce ka taɓa wannan?"

"Jirgina ne. Roku, gashin wa ubanka ya sa a nan?"

"Masassaƙi shi kaɗai yake rufe ramin, kuma ba ya faɗi."

"Kana nan ai. Kai ke riƙe masa guduma a lokacin."

"Ina nan, amma ido na ciwo."

"Yau ne idonka ke ciwo, tsohon banza! Ina maganar shekara hamsin da wani abu."

"To tun lokacin ya fara." Rokuro ya ɗauki zarto ya duba haƙoransa kamar bai taɓa ganin zarto ba. "Ka mayar da abin da ka ɗauka, mu rufe, mu ci gaba da aiki. Shawarar da zan ba ka ke nan."

Wato ya sani. In Rokuro ya sani, wa kuma ya sani? Tokuji ya shiga kanti, tsofaffin mata biyu suna hira, suka gan shi suka yi shiru. Wataƙila farashin gishiri suke magana, amma shi ya ji shirun har cikin haƙoransa. A wurin wanka na gari ya fara labarin iskar Hira don ya gwada fuskoki, sai ya lura tsofaffin ba shi suke kallo ba, ruwa suke kallo. Shin kullum haka suke yi? Shekara da shekaru yana buga ƙirji a gaban mutanen da suka san abin da ke gindin jigon Genzo.

Aiki dai bai tsaya ba, don hannu ba ya jiran zuciya. Suka dasa akwatin allon, suka shafe ƙasan jirgin da baƙin fenti, suka tsai da jigon a sabon mazauninsa suka ja wayoyi har suna ƙara in an taɓa. Jirgin ya yi kyau, kyan da ke ba Tokuji haushi. Ramin rai kawai ya rage, kuma Rokuro ya ce ba zai bari a tura shi ruwa haka fanko ba.

Wata safiya ya hango Kinuyo ta fito da ƙunshi a ƙyalle, ta bi hanyar tudu. Ya ajiye buroshi ya bi ta daga nesa, yana laɓewa a bayan bishiyoyi, gwiwarsa na kuka. Maƙabarta ta shiga. Ta wuce kabarin iyayensa ba ta tsaya ba, ta je na Genzo, ta wanke dutsen kabarin, ta kwance ƙunshin ta ajiye yankan kifi a faranti. Ya matso bayan wani dogon dutse har yana jin numfashinta.

"Gen-san," in ji ta, "ya buɗe ramin. Na sani, don ya daina cin abincina. Ka tafi ka bar ni da wannan kaya, ni kuma na gaji da riƙo."

Tokuji ya fito. Ya zaro gashin daga ɗamara ya jefa kan dutsen kusa da farantin.

"Ke! Na wane ne wannan?"

Ba ta firgita ba. Ta ɗauka ta juya shi a tafin hannu. "Kai, ashe haka yake da kyau. Ni har na manta."

"Ba kya ma musu?"

"In yi musun gashina? Duk garin nan wa ke da irinsa?"

"Matar mai jirgi ce ke ba da gashi. Matar wa kike a shekarar?"

"Matar wani mai taurin kai da aka ce kada ya fita, dutsen Hira ya sa hular gajimare, ya ce shi iska ba ta san sunansa ba." Ta zauna a gefen dutsen ta tattara ƙafafu. "Zauna, Tsoho, kafin gwiwar nan ta zaunar da kai."

Bai zauna ba. Ta ci gaba duk da haka.

"Da iskar ta sauko, duk jiragen da ke ɗaure a gaɓa ta haɗa su ta farfasa. Naka bai dawo ba. Jirgi ɗaya ne ya rage da lafiya a garin, na Gen-san, yana cikin rumfar masassaƙi, ko ruwa bai taɓa ba. Ya ce zai fita nemanka. Baban Roku ya tare ƙofa, ya ce jirgin da ba a sa wa rai ba akwatin gawa ne, sai dai a bi ta kansa. Komai yana da shi a shirye, gashi ne babu. Gen-san ba mata, uwarsa ta rasu. Ana ta gardama, kai kuma kana cikin ruwa. Sai na ɗauki wuƙar da ke kan benci na yanke, na ce ga shi, ku rufe ku tafi."

"Ƙarya. Ni na fito da kaina."

"A tsakiyar tafki ya same ka, kana rungume da murfin ganga, leɓenka ya yi shuɗi. Da ƙugiya ya jawo ka. Ka yi kwanaki ba ka san inda kake ba. Da ka buɗe ido, abin da ka fara cewa shi ne, 'Na yi iyo har gaɓa.' Mafarkin zazzaɓi ne. Zan gyara maka, Gen-san ya taka mini ƙafa. Da muka fito waje ya ce, 'Ku bar shi da iyonsa. In ya san ni ne, sau biyu a shekara zai riƙa zuwa ƙofata da kyauta yana sunkuyawa har ƙasa. Shi zai mutu da baƙin ciki, ni kuma ba zan iya jure ganin wannan fuskar a ƙofata ba.' Ya bi gida gida ya roƙi mutane. Amma alheri irin wannan ba a barinsa ba godiya. Tun da kai ba za ka kai ba, ni na riƙa kaiwa."

Tokuji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kin tsara shi da kyau. Mai shaida ya mutu, masassaƙi ba ya magana. Shekara nawa kika yi kina gyara wannan labari?"

"Ƙasa da waɗanda ka yi kana gyara naka." Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta naɗe ƙyallen. "Labari biyu ne a gabanka, Baban yara. A ɗaya ka yi iyo, matarka kuma ta ci amanarka. A ɗaya matarka tana nan yadda ka aure ta, kai kuma an tsamo ka kamar kifi. Ɗauki wanda za ka iya kwana da shi. Ni na tafi, na bar wake a wuta."

Ta bar shi tsaye da Genzo.

Da ya koma rumfa bai taɓa aiki ba. Yana so ya ƙi yarda. Ya lalubi iyon a cikin kansa, ya same shi daram: ruwan, sanyin, ciyawar gaɓa tana matsowa. Amma ya nemi inda ya taka ƙasa ya rasa. Wa ya fara ganinsa a gaɓa? Ta wace hanya ya zo gida? Bai taɓa tambaya ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa, ni ne na gan ka.

Rokuro yana can ƙarshen jirgi yana naɗe igiya. Tokuji ya sauke ƙugiyar nan daga bango, ya zame rigarsa, ya juya masa baya.

"Roku. Ba tambayarka nake yi ba, kada ka ce na sa ka magana. Ɗora bakin wannan a kan tabon."

"Ido na..."

"Da hannu za ka yi, ba da ido ba."

Ƙarfen ya taɓa fatarsa da sanyi. Lanƙwasar bakin ta kwanta cikin tabon tun daga inda ya fara har inda ya karkace, ba ragi. Rokuro ya riƙe shi a wurin ɗan lokaci, sannan ya janye.

"Kututturen gora mai kyau ne," in ji Rokuro. "Maƙeri ne ya yi shi."

Tokuji ya mayar da rigarsa. Ya zagi Genzo, ya zagi uban Rokuro, ya zagi garin gida gida, da waɗanda ke raye da waɗanda ke kan tudu. Da zagin ya ƙare masa sai ya ji yunwa irin wadda bai ji ba tun yana saurayi.

Ya tarar da Kinuyo tana tsame wake. Ya zauna a wurinsa, ta zuba masa, ya cinye ya miƙa kwanon, ta ƙara.

"Ke," in ji shi, yana kallon kwanon. "Roku ya ce jirgin ba zai shiga ruwa fanko ba."

"To?"

"Mai jirgin yanzu yana da mata."

"Fari ne fat yanzu, kuma ya zube. Jirginka ba zai yi gudu da shi ba."

"A haɗa da tsohon."

Ta ɗauko almakashi ta miƙa masa, ta juya masa ƙeya. Ya yanko dunƙule guda, suka haɗa shi da tsohon.

Rokuro ya kore su duka daga rumfar, ya rufe ramin shi kaɗai yadda ubansa ya yi. Ranar fito da jirage aka zuba wa goshin jirgin giyar shinkafa, aka tura shi. Zanen ya cika, allon ya sauka, jirgin ya yanki iska ya bar na samari a baya, Tokuji riƙe da igiya yana ihu wai dama ya faɗa musu. Ƙugiyar tana kwance a gefen ƙafarsa.

A wurin wanka kuwa labarin ya ɗan sake. Yanzu cewa yake, "Yini guda ina riƙe da murfin ganga cikin ƙanƙara, wani da tuni ya saki. Sai da na gaji da jira sannan wancan malalacin ya iso, kuma ku dubi yadda ya yaga mini kafaɗa. Ko ƙugiya bai iya riƙewa ba!" Tsofaffi sun daina kallon ruwa, shi suke kallo. Yakan tsaya a tsakiyar magana ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, yana neman ko akwai sauran abin da muka ɓoye masa.

Da ƙarshen shekara aka ga Tokuji yana hawa tudu da ƙunshi a ƙyalle, yana ɗingishi, Kinuyo a bayansa tana ce masa ya riƙe farantin daidai. Da ya isa gaban dutsen ya waiwaya hagu da dama ko akwai mai kallo, sannan ya sunkuya har ƙasa.